Lieve Mai Allura da Gyalen Ulu

Duk wanda ya saba sammako a unguwarmu ta birnin Gent ya san Godelieve Baert, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai jakar saƙa da ke hawa benen da ke kan gidan burodi, ta ɗora kofi, ta goge tabaranta, ta jera allurai. Mu Lieve muke ce mata. A wannan watan ta rufe ɗakin, idanu sun gaji.

Sana'arta cire gashin fuska da allurar lantarki, sili ɗaya bayan ɗaya, har ya daina fitowa. Yawancin masu kwanciya a kujerarta irina ne, matan da aka haife mu a jikin maza. Likita zai ba ki magani, fata ta yi laushi, kumatu su ciko, amma gemu ba ruwansa da magani. Wannan sai Lieve.

Abin da ya fi allurar ciwo shi ne dole ki bar gashin ya tsiro kafin ki zo, don ta sami abin kamawa. A irin waɗannan kwanaki ko shago ba ma son leƙawa. Ranar da na fara zuwa, kunya ta sa na aske tas.

"Ke Katrien, me zan kama a nan, iska?" in ji ta.

"Haba Lieve, da gemu zan shiga bas?"

Ta ciro gyalen ulu daga ƙugiyar bayan ƙofa, ta naɗa mini har hanci. "Aro ne, ba kyauta ba. Ran da muka gama ki dawo min da abina."

Ashe kowa haka take mata. Da hannunta take saƙa su, kuma ba ta iya zaɓen launi ba ko kaɗan. Mukan gane juna a titi da waɗannan munanan gyaluluwa, mu yi murmushi mu wuce. Ina kewar wannan zamani, har da ƙaurin fata da rediyonta mai shaƙewa.

Ta so ta ajiye aiki tun shekaru uku da suka wuce, sai ga Annemie, tsohuwar direbar jirgin ƙasa. Gemunta ya yi furfura, kuma injin hasken da aka koma yayi ba ya ganin farin gashi. Mahaifiyarta tana gidan tsofaffi, ta makance, da tafin hannu take gane mutane. Duk ziyara sai ta shafa haɓar Annemie, ta ji kaushi, ta kira ta da tsohon sunanta na maza. Tsohuwar ta haura casa'in. Annemie tana tsoron kada ta rasu ba ta taɓa jin fuskar 'yarta ba.

"Idona ne matsalar," Lieve ta gaya mata. "Amma kwanta. Da ni da mahaifiyarki za mu ga wa zai riga wani gajiya."

Ke ce kika sayi tabarau mai kauri, Lieve, kika jawo kujera bakin taga, kika bi farin gashi a kan farar fata har hawaye na zubo miki. Mun gani. Mai haƙurin da ya fi allura tsini, ba ki taɓa ce wa ɗayarmu za ta yi kyau ba, kin dai ce za ta huta.

A bazarar nan aka gama. Ni na raka Annemie gidan tsofaffin. Ta durƙusa, uwar ta ɗora hannu a kumatunta, ta gangara haɓa, ta koma, ta sake shafawa. Sai ta yi tambaya.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Mama."

"Ikon Allah," in ji tsohuwar. "Annemie, ashe haɓata kika ɗauko."

Mun gode, Lieve. Ku matasan da kuka gaji sana'ar, injinanku sun fi nata sauri, amma ku riƙa tambayar kanku yadda mutum zai iso ƙofarku bai ji kunya a hanya ba.

Washegari Annemie ta hau benen, ta rataye gyalenta a ƙugiya. Dama shi kaɗai ne gyalen da ya rage ba a dawo wa Lieve da shi ba.