'Yan Tsakin da Tela Ta Saya a Bakin Titi

Duk layin, Tela ake ce mata, har jikokinta. Ta fi shekara talatin a bakin taga ɗaya, ƙafa a kan keken ɗinki, kai a sunkuye kamar mai sauraron wata magana a cikin yadi. Mijinta ya rasu da wuri. Da keken nan ta ciyar da 'ya'ya uku, ta riƙe hayar ɗaki biyu da ɗan tsakar gida wanda rana ke leƙowa cikinsa da hantsi ta wuce.

Sai idanu suka fara gajiya. Zare ya daina shiga allura, ɗinki ya fara karkacewa, masu kawo kaya suka riƙa gaishe ta daga nesa. Babban ɗanta, wanda take kira Direba saboda babbar motar da yake tuƙawa, ya ce ta tattara ta koma gidansa, ɗaki na nan yana jiranta. Ta san ɗakin. Tagarsa bango take kallo. Suka ja maganar har suka tsaya a kan cewa in ta iya riƙe hayarta da kanta, ta zauna. In ta kasa, zai zo da mota.

Kiwon kajin ƙwai ta zaɓa, don ta ga kullum mai gidan burodin layinsu yana aikawa nesa a sayo masa. Ta sayar da keken. Tun kafin ta mallaki kaza ko ɗaya ta je ta yi masa alkawarin ƙwai, ta kuma sayo kiret-kiret na zuba ƙwai ta jera a kan teburin da take yankan yadi.

Niyyarta ta je inda ake ƙyanƙyasa, can bayan gari. A hanya, wajen tashar mota, ta ga wani mutum da kwalaye cike da 'yan tsaki, fes da su, suna ta tsiwa, kuɗinsu bai kai rabin abin da aka faɗa mata ba. Ta tambaye shi ko na ƙwai ne. Ya ce irin masu ƙwai ne, har ya rantse. Tela, wadda ba ta taɓa yanka yadi ba sai ta auna sau biyu, ta juye kuɗin keken a hannunsa ta ɗauki kwali biyu. Ba ta shawarci kowa ba, don kada maganar ta kai kunnen Direba ya ce ta tsufa da wahala.

Ta yi musu gata. Ta shimfiɗa garin katako a ɗaki na biyu, ta rataya fitila don ɗumi, tana wanke mazubin ruwa kamar kwanon baƙo. Suka tashi da sauri, ci kamar gara. Buhun abinci ya ƙare, ta sayo wani. 'Yan kunnenta suka bi hanyar da keken ya bi.

Uwar Biyu, maƙwabciyarta ta bayan katanga, ita ta fara lura. Ta leƙo wata rana da rana, ta daɗe tana kallonsu.

"Yaya Tela, 'yan matan nan naki sun cika faɗa. Dubi ƙafafu kamar na masu dako."

"Ƙoshi ne."

"To Allah ya sa. Wannan jan abin da ke tsirowa a kansu fa, shi ma ƙoshin ne?"

Tela ta yi dariya ta ce mata ta je ta kula da tukunyarta. Amma bayan ta fita, sai Tela ta kama ɗaya ta kai shi bakin haske, ta matso da shi dab da fuska. Zanko ja wur. Ta sake shi ta kama wani. Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Takan tsaya a ƙofar ɗakin, mazubi a hannu, tana neman wadda ta yi sanyin hali a cikinsu, tana ce wa ranta akwai kajin da haka halittarsu take. In mai gidan burodi ya tambaye ta yaushe zai fara ganin ƙwai, sai ta ce saura kaɗan. Daga baya ta canza hanyar zuwa kasuwa. In Direba ya bugo waya, muryarta ta fi kullum fara'a.

Wata safiya tana sharar tsakar gida ta ji wani sauti daga ɗakin, kamar an ja ƙofa mai tsatsa. Ta tsaya, tsintsiya a hannu. Aka sake, wannan karon da ɗan ƙarfi. Wani ya amsa daga kusurwa, wani ya karɓa. Kafin mako ya zagayo, ɗakin kaf cara yake, ana ji har bakin titi.

Mijin Uwar Biyu, wanda ya taɓa aiki a gidan gona, shi ya yi mata bayani, yana kallon ƙasa. Masu ƙyanƙyasa sukan ware matan su sayar da tsada, mazan kuwa su rabar a banza ga masu talla. Mutumin tasha bai yi ƙarya ba, irin masu ƙwai ne. 'Yan'uwansu mata ne ke yin ƙwan.

Ba ita ta gaya wa Direba ba. Ya zo ya ajiye mota a bakin layi, carar ta tare shi tun daga ƙofa. Ya tsaya ya dubi ɗakin, ya dubi kiret ɗin da ƙura ta rufe, ya dubi kunnuwan uwarsa. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi tsorata ta. A hankali ya tambaya da wane kaya za a fara, gado ko akwatuna.

"Da zakarun za ka fara," ta ce. "Ka kai min su wurin masu yanka."

"Inna, abin da za su ba ki ba zai mayar da kuɗin abincinsu ba."

"Na sani. Zai sayi sagaru kaɗan, waɗanda suka kusa fara ƙwai. Wannan karon da wanda ya san kaji zan je."

Ya juya makullin mota a hannu. Ya ce yana da tafiya mai nisa, in ya dawo za su sake zama, kuma ranar ba zai saurari wani uzuri ba.

Sagaru takwas ta samu. Mijin Uwar Biyu ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ta biya. Mai gonar ya ce za su fara nan da wata guda, ko ya ɗan fi, ya danganta da zafi da abinci. Direba bai faɗi ranar dawowarsa ba.

Yanzu ɗakin ya yi musu yawa, suna yawo a cikinsa a hankali, ba hayaniya. Tela kan shiga da safe ta durƙusa, ta zura hannu cikin garin katako kusurwa bayan kusurwa. In ta ji babbar mota ta rage gudu a titi, sai hannun ya tsaya cak, har ƙarar ta wuce.