Cikin Akuyar Inna

Akuya wata biyar take yi da ciki, wannan ko yaron goye ya sani. Ta Innarmu ta shiga na bakwai ba ta haihu ba.

Ba akuyar banza ba ce. Jinin wadda aka ba Inna ce ranar da aka kawo ta Lausu tana amarya, kuma ita kaɗai ta rage a garken. Don haka da cikinta ya taso, Inna ta shiga hidima, dusa da kanwa safe da yamma. Mace take roƙo, ko guda ɗaya, don iri ya ɗore.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin diddigi. Duk Asabar ɗin da na zo daga Rano sai na tsuguna na ƙare wa akuyar kallo. Ciki na girma, ƙashin baya na fitowa, hantsa ko alamar nono babu. Na ce, "Inna, anya kuwa?"

Ta ce, "Ke da ko kaza ba ki taɓa kiwo ba? Tagwaye ne, su ke shanye ta."

Wata safiya na bi akuyar in ga inda take kiwo. Filin bayan gari da muke sakin dabbobi muna yara duk ya zama gidaje, har da na ƙannena biyu. Ta ratsa lungu ta zarce bola, ta sa baki a ledar alala, tana lasa tana haɗiya.

Na kira maƙwabcinmu, wani dattijo Bafulatani da ya daɗe da ajiye sanda ya kama fartanya. Ya danna cikin da tafin hannu, ya sake dannawa. Ya ce, "Hajiya, ɗa motsi yake yi. Wannan ba ya motsi."

Ranar da akuyar ta kasa tashi aka kira mahauci ya yanka ta. Ban kau da kai ba, so nake in gani. Ya zaro wani dunƙule baƙi mai tauri, ledoji sun murɗe da juna kamar gammo, sun cike tumbin, babu wurin ko tafin dusa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga.

Inna ta daɗe tana duban abin. Ta ce, "Ashe yunwa ce ke kashe ta, ni kuwa ina zaune ina jiran barka."