Ranar da Nene Jamalia Ta Sauya wa Kifi Gari

Nene Jamalia ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, ko kallon igiyar ruwa ta daɗe tana yi sai jiri ya ɗebe ta. Amma a tsibirinmu na Maluku babu masuncin da ya kai ta sanin ƙarƙashin teku. Tun tana budurwa take zama a rumfar da ake sauke kifi, a juye kwando a gabanta, ta ware kowane da danginsa. Duk matan rumfar a hannunta muka koya, da zagi da rankwashi, kuma har yau ban yafe mata rankwashin ba.

Ita ba sunan kifi kaɗai take faɗa ba, har da garinsu. Sai ta ɗaga ɗaya ta ce, "Samandar, ɗan ciyawar ruwa ta bayan masallaci." Ta ɗaga wani ta shinshina. "Garopa mai launin ƙasa, ɗan taɓon bakin kogi." Wani masunci ya taɓa tsokanarta, ya ce, "Nene, to ni ɗan ina ne?" Ta ce, "Kai ɗan gindin kwakwa ne. Can ka yi barcinka, ka roƙo kifin wani ka kawo mana."

Wannan idon nata shi ya sa ta zama shaidar gari. Duk shekara dattawa kan kafa sanda da ɗanyen ganyen kwakwa a Hancin Dutse. An sa sasi ke nan, babu mai jefa ƙugiya a wurin sai kifi sun gama zuba ƙwai. Wanda ya karya, a rataya masa kifin a wuya a zaga gari da shi. Bapa Hasim, mai tsaron sasi, ba ya wahalar da kansa da sintiri. Rumfa yake zuwa ya tambayi Nene, domin jan garopa mai ɗigon shuɗi a duk ruwanmu Hancin Dutse kaɗai yake zama. Ta taɓa tona ɗan mai gari da kansa, ko ido ba ta ƙifta ba.

Wata safiya, ana cikin sasi, autanta Samaun ya dawo daga su. Magidanci ne mai 'ya'ya, amma kwaɗayi da gaggawa sun yi masa yawa. Ya ajiye kwandonsa yana shirin faɗin wani abu, Mama Norma da ke kusa ta riga ta juye shi. Ƙananan lalosi suka zube, daga ƙarƙashinsu jajayen garopa guda biyu suka sulalo har gaban ƙafar Nene, ɗigon shuɗin jikinsu yana sheƙi.

Bapa Hasim ya matso a hankali.

"Nene, wannan ɗan ina ne?"

Ta ɗauki kifin ta juya shi, ta sake juya shi, ita da ba ta taɓa yi wa kifi kallo biyu ba. Samaun ya ƙura wa yashi ido.

Ta ce, "Ɗan tsibirin waje ne. Can bayan fitilar jiragen ruwa."

Kowa ya san ɗan kwalekwalen Samaun ko rabin hanyar ba zai kai ba. Kuma ita ce ta koya mana cewa garopan tsibirin waje dushi-dushi yake, ba ya wannan ja. Da bakinta ta faɗa, ta haɗa mini da rankwashi.

Bapa Hasim ya dube mu. "Ku fa?"

Mama Norma ta ce, "Tunda Nene ta faɗa, ai shi ke nan."

Ya jinjina kai ya tafi. Ba a zaga gari da kowa ba. Ni dai kunya ta kama ni kamar ni aka tuɓe a kasuwa, na kasa ɗaga kai na dubi Nene. Da Samaun ya sunkuya zai kwashe kifin, ya ce, "Mama..." Nene ta ce, "Ɗauke su daga gabana. Kada ka kawo mini gida."

Babu wanda ya taɓa yi mata gori. Da ma an yi, da ta samu na zagi ta huce. Bapa Hasim yakan biyo ya gaishe ta da ladabi, amma yanzu da ƙafarsa yake zuwa Hancin Dutse sintiri, tsofai-tsofai da shi. Ita kuwa tana nan tana ware kifi, hannunta bai rage sauri ba, sai dai suna kawai take faɗa: samandar, lalosi, garopa.

Kwanaki wata amarya da aka kawo daga wani tsibiri ta fara zama da mu. Ta ɗaga wani kifi mai ratsin rawaya, ta ce, "Nene, an ce ke kin san garin kowane kifi. Wannan ɗan ina ne?"

Nene ta ci gaba da aikinta, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ɗan teku ne, 'yata. Tambayi Norma."