Baba Mai Kunne da shafi tara da ya ce a soke

Shekara talatin da ɗaya, da rana ta take kowa na neman inuwa, Baba Mai Kunne zai hau kekensa ya nufi dajin ƙaya na bayan unguwarmu. Aikinsa sauraro ne. Akwai wani gyaren itace a dajin, mai fukafukai garai-garai, ba ya kuka sai zafi ya kai zafi. Baba yakan tsaya gindin kowace ƙaya, ya rufe ido, ya rubuta guda nawa ya ji, ya kai wa masu binciken ƙwari. Ni nake masa facin taya. Mukan tsokane shi wai da gulmar ƙwari yake ci da iyali, ya ce ai tasu ta fi tamu tsabta.

Bana kwana tara a jere yana rubuta babu. Abinci ma ya daina shigarsa. Ya ce wa matarsa masu saran itace sun gama da su, bayin Allah da ke yin shekaru a ƙasa jikin saiwa kafin su ga rana. Ran na taran 'yarsa ta bi shi da ruwan sha. Ita ta ba mu labari: daji kamar zai tsage don kuka, shi kuwa yana tsaye yana rubuta babu.

Ta dafa kafaɗarsa. "Baba, suna nan fa. Kai ne ba ka ji."

Ta roƙe shi ya yi shiru, za ta riƙa binsa tana ji masa, ba mai sani. Aikin nan shi ne abincin gidan. Washegari Baba ya je ofishin masu binciken da kansa, ya buɗe littafin, ya ce a soke shafi tara.

"Kunnena ne ya mutu. Kada a rubuta musu mutuwa suna raye."

Suka gode masa, suka sallame shi. Har yau ba a sa kowa a gurbinsa ba.

Baba, kai ne ka zaɓi zaman gida a kan ƙarya guda a takarda. Yanzu kana zaune a ƙofar gida, in an gaishe ka sai ka kalli baki. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu da muke da sauran ƙarfi, ranar da aiki ya fi ƙarfinmu, Allah ya ba mu zuciyar faɗa da bakinmu. Wannan ma da na rubuta, sai dai a nuna maka, ba a karanta maka ba.