Malam Kalilu Baduku da Katin Auta

Haihuwa da karatu

A garin Daddara na ƙasar Jibiya aka haifi Malam Kalilu cikin shekarar 1897, ɗa ne ga Uwaisu baduku da matarsa Hajo. Ya sauke Alƙur'ani yana saurayi, ya kuma gaji sana'ar mahaifinsa.

Zaman Maraɗi da aure

A 1929 ya haura Maraɗi, inda ya daɗe yana ɗinka wa wani Bafaranshe mai sayen gyada sirdi da jakunkuna. A gidan Baturen ne ya koyi kartar da suke kira tarot, wadda mutum huɗu ke yi da kati saba'in da takwas. A cikin manyan katunanta akwai mai lamba ɗaya, wanda kowane ɗan'uwansa ke iya cinyewa, kuma babbar bajinta ita ce mutum ya ɓoye shi har ya ci zagayen ƙarshe da shi. Malam Kalilu ya raɗa masa suna Auta. A Maraɗin ne ya auri Luba, a 1934.

Komowa Jibiya

A 1950 ya dawo Jibiya da kartar da Baturen ya bar masa, ya koya wa aminansa uku, Bawa mahauci, Manu direba da Rabe mai awo. Kullum bayan La'asar suna rumfarsa ta bakin hanyar Maraɗi, ba don caca ba, don zolayar juna kawai. Gwani ne a ɗinki, amma a karta, Allah ya jiƙansa, fuskarsa kan tona shi da zarar Auta ya faɗo masa, nan take su farauce shi. Ba shi da burin da ya wuce ya kai katin nan ƙarshe ko sau ɗaya.

A daminar 1955 akuyar Luba ta tauna Auta. Malam Kalilu ya yanko fata mai laushi ya zana wani, ya yi kyau ƙwarai, sai dai ko daga bakin titi ana gane bayansa. A lokacin idonsa ya soma rauni, shi bai ga bambancin ba.

Shekarun ƙarshe

A 1958, da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, wata ranar Lahadi Auta ya zo hannunsa. Aminan suka dubi fatar, suka dubi juna, kowa ya yi ta zubar da manyan katunansa kamar bai taɓa wasan ba. Da ya ci zagayen ƙarshe ya miƙe yana cewa, "Yau na kai Auta gida, ku ukun ga kuna kallo!" Babu rumfar da bai shiga da labarin ba a kasuwar Jibiya.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a watan Sha'aban na 1959, aka yi jana'izarsa a Jibiya, aminan uku na cikin masu ɗaukar makara. Ya bar matarsa Luba da 'ya'ya uku, Lawwali, Rabi'a da Mariyamu, waɗanda suka ci gaba da ba da labarin ranar nan yadda mahaifinsu ya ba su, ba a kuwa taɓa samun wanda ya gyara musu ba.