Ranar da Sanƙira Ya Ari Bakina a Madarumfa

Ana idar da sallar asuba muka bar Maraɗi a motar aiki: ni, da shef ɗinmu, wato ogan wurin aiki, da direba, da wani abokin aikina da ba zan kama sunansa ba. A baya mun ɗaure injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda za mu tallata wa masu lambu a wani ƙauye na gefen tabkin Madarumfa. Masu bibiyata kun san kwanan nan na gama formasiyo, wato horo, kan talla da magana gaban jama'a. To wannan tafiya ita ce jarrabawar. Ana neman shugaban 'yan talla na yankinmu, kuma shef ya faɗa ƙarara cewa tsakanina da abokin nan, wanda ya fi samo masu saye shi zai hau kujerar. Shi ya riga ya yi tasa a Ɗan Issa, ya dawo yana hura hanci. Ni kuwa wallahi na gaji da yawon babur cikin rana, bayana har ya fara ba ni labari.

Hanya da farko ba laifi, kwalta ce. Muna tafe muna karo da amalanken shanu cike da albasa da tumatir, da mata ɗauke da buhunan zogale za su kasuwar Maraɗi. Ko'ina a bakin hanya ga kwalaben mai jere, kowa ya san ta inda suka shigo, har jandarman da ya duba takardunmu. A garin Madarumfa muka karya. Ƙosan dala ashirin yanzu ba ya cika tafin hannu, mai soyayyen kifi kuwa da ta ga rigata a goge sai kuɗin kifi ya tashi nan take. Ina ci ina bitar abin da malaminmu, wani ɗan gayu daga Yamai, ya cusa mana: miƙe tsaye, buɗe ƙirji, kalli mutum cikin ido, kada ka yi dogon zance.

Da muka sauka daga kwalta sai yashi ya karɓe mu. Mota ta kafe, muka fito turi, guga ta tashi a banza. Amma tabkin ya ɗan sanyaya mini rai. Ga manyan kukoki, ga masunta cikin kwale-kwale, ga lambuna kore shar, injinan fetur sai kuka suke ta kowane ɓangare.

Mun tarar da masu lambu zaune kan tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Inda na tuɓe takalmina, nan na tuɓe formasiyo gaba ɗaya. Wa zai tsaya ƙiƙam a kan mai gari yana zaune? Wa zai zuba masa ido? Gaisuwa kaɗai ta cinye lokacin da malaminmu ya ɗiba wa jawabi. Sannan a can baƙo ba ya ɗaga murya. Kai ka faɗa a hankali, sanƙiran mai gari, wani dattijo mai murya kamar ganga, shi zai maimaita wa jama'a. Ni da muryata ke rawa gaban taro, har na yi hamdala a zuci.

Na ce injin ba ya shan mai. Sanƙira ya ce, “Jama'a, baƙo ya ce an raba ku da mai har abada!” Aka yi kabbara. Na ce garantinsa shekara guda. Sai na ji, “Ya ce ba ya lalacewa, jikokinku ma da shi za su yi lambu!” Na ce in da hadari ƙarfinsa na raguwa. Ya ce, “Ko hadari ko dare, ruwa na kwarara!”

Kai jama'a! Ga mutum ya ari bakina yana ci mini albasa, kuma albasar na sayuwa. Hannuwa suka fara tashi. Shef na murmushi, abokin aikina ya matso ya raɗa mini, “Kai dai yi shiru, ai ba kai ka faɗa ba.” Har na so in yi shirun, ba zan ɓoye muku ba. Sai wani tsoho ya ce shi gobe zai kai sansa kasuwa, ya sayar da injin fetur ɗinsa, ya sayi wannan da ba ya mutuwa. Sa guda gare shi, da shi yake jan amalanke.

Na ɗaga murya, tana rawa kamar kullum, na ce, “Baba, a gafarce ni, ba haka na ce ba. Yana lalacewa. Da dare ba ya aiki. Kada kowa ya sayar da sansa.”

Ba a gyara wa sanƙira zance gaban mai gari, ni ma na sani. Sanƙiran ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya ce, “To, ya ce kayansa na lalacewa.” Daga nan duk abin da na faɗa, aibin kawai yake isarwa. Mai gari ya ce, “Mun ji, mun gode, za mu yi shawara.” Duk ɗan ƙasar nan ya san ma'anar wannan shawara. Aka kawo mana fura da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli, mai daɗi ƙwarai, muka taɓa, muka yi sallama.

A dawowa injin sai ƙwanƙwasa yake a baya. Muna shiga Maraɗi shef ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Kana da kirki, amma kirki ba ya biyan albashi.” Na gane. Abokin aikina ya kama duban taga.

Na isa gida da la'asar, jiki duk ya mutu. Uwargida ta dubi fuskata, ta kai mini ruwan wanka. Raina ya ɓaci, ya kuma ɓaci sosai, domin na sa rai da kujerar nan. An koya mana yadda za a sa mutane su ce to, amma ba wanda ya koya mana abin yi in sun ce to a kan ƙarya. Wannan sai a kan tabarmar mai gari na koye shi, kuma da tsada na saya.

Gobe da safe zan sake hawa babur ɗina. Bayana zai ci gaba da ciwo. Amma san tsohon nan yana nan ɗaure a turkensa.