Yaya Ilu da "Da Sauƙi"

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ilu, manomin gyaɗa a Kafin Dafga. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, bai kai kaka ba. Mutane suka ce iska ce ta buge shi. Ba iska ba ce.

Kafin ya faɗi na taɓa kai shi ƙaramin asibiti, don ƙeyarsa na sara masa. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." Na zungure shi na ce, "Yaya, faɗa mata gaskiya." Ya harare ni. "Kai Sule, gaban 'yar cikina zan zauna ina raki?" Ba su da abin awon jini a lokacin, bakinsa kawai suka dogara da shi. Aka ba shi maganin ciwon kai muka dawo.

Haka muke. Dattijo a nan ko yana gargarar mutuwa, amsarsa ɗaya ce. Ladabi ne, kuma yana kashe mu.

Yanzu akwai na'urar awo a wani ɗaki kusa da kasuwar Rogo. Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya saya, shi ke kawo magani, hukuma ta ba da ma'aikaci. Na'ura ba ta gaisuwa. Ta matse mini dantse ta ce nawa ya hau. Da Yaya na nan zai ce bai ga dalilin auna mai tafiya da ƙafarsa ba. Daga baya zai miƙa hannu, na san shi.

Abin da ke damuna, ɗan kasuwar ya tsufa, 'ya'yansa suna birni. Hukuma kan gina ɗaki ta yi fenti, amma ciwon nan ba ya warkewa, kullum sai an sha magani. In mutum ɗaya ya kwanta dama, wa zai ci gaba? Masu hali da masu mulki, ku nake tambaya.

Yaya ya bar gona, ya bar sunan kirki. Ni kuma jininmu ɗaya. Makon jiya jiri ya ɗebe ni ina cirar gyaɗa, maganina ya ƙare. Na hau acaɓa zuwa Rogo. Na tarar da ƙofar a kulle.